Allon da Ya Yi wa Baba Girma

Tsoron ya kama Ye-rim ne a daidai lokacin da kowa ke tafi.

Tana zaune cikin jirgi, ta ba Kawu Chun-bae mai tuƙi baya, idonta a kan igiya. A ƙarshen igiyar mahaifinta ne, Pyo Dal-su, tsundum cikin tafki, kansa da hancin allon zamiya a kan ruwa kawai ake gani. Allon ba nasa ba ne. Nata ne, ɗan gajere mai inci sittin da biyar, wanda shi da kansa ya zaɓa mata shekarar da ta shiga jami'a. Cikin fushi ya ɗauko shi da safen nan, ya kwance takalman da ke jikin sabon baƙin allonsa ya ɗaura a kai, wai yana so ya gane ko sabon allon ne ya ƙi shi ko ƙafarsa ce ta mutu. Mutanen da ke rumfarsa ta bakin tafki sun riga sun gyara zama don dariya, domin kowa ya san ƙaramin allo ba ya ɗaga ƙaton mutum. Nutsewa zai yi, ya sha ruwa, igiya ta suɓuce.

"Ja!" in ji Dal-su.

Jirgi ya ja, sai ga shi ya taso sumul. Ya kwanta gefe ya zagaye na fari cikin ƙwallayen alama da aka jera a kan ruwa, ya tsaga bayan jirgi ya zagaye na biyu, ruwa na tashi a bayansa kamar bango. Haka ya bi ƙwallayen nan shida bai bar ko ɗaya ba, abin da ya gagare shi tun farkon bazara.

Chun-bae ya dinga dukan sitiyari yana ihu. "Yaya ya dawo! Ban faɗa ba? Wancan baƙin allon ne mugu!"

Ye-rim ba ta tafa ba. Ta tuna ranar da aka zaɓa mata allon. Ya ɗora ta a sikeli, ya duba, ya ce da ita, "Ki ci abinci yadda kike so, amma ki sani, allon nan ba ya ɗaukar wanda ya haura kilo sittin da biyar." Ga shi yau ya ɗauki babanta, mutumin da ta sani da kilo tamanin tun tana goye.

Dal-su ɗan mai fito ne. A wani ƙauye da ke gangaren dutse, a bakin tafkin Cheongpyeong aka haife shi, ya iya riƙe filafili kafin ya iya rubuta sunansa. Da hanyar mota ta iso ƙauyen, fito ya mutu, sai ya koma yaron wani mai rumfar ruwa, yana jan ɗaliban birnin Seoul da jirgi a kan robar iska suna ihu suna faɗawa ruwa. Wani baƙo ya bar tsagaggen allo a rumfar, a kansa Dal-su ya koya wa kansa tsayuwa da ƙafa biyu a allo ɗaya, hagu a gaba. A rumfar nan ya haɗu da Ok-bun mai dafa wa baƙi taliya, wadda ta ce ta aure shi ne don ta gaji da ganinsa yana cin ragowar kwanon mutane. Daga baya suka kafa tasu rumfar, katako a kan ganguna a saman ruwa, da jirgi ɗaya, tare da Chun-bae, ƙaninsa na unguwa wanda bai taɓa rabuwa da shi ba. In sanyi ya shigo aka rufe ruwa, Dal-su ya ɗauki motar kai kananzir gida-gida har ƙanƙara ta narke.

Bai taɓa cin wata babbar gasa ba. Abin da aka san shi da shi shi ne zaɓar wa mutum allo. Likitocin haƙori da masu kamfani sukan taso tun daga Seoul da hoton allon da suke kwaɗayi a waya, shi kuwa ba ya ko kallon hoton. Tsohon sikelin da ke bakin ƙofa yake nuna musu.

"Ai na faɗa maka, Malam, kilo saba'in ne," baƙo yakan ce.

"Bakinka ne ya faɗa, ranka ya daɗe. Tumbin bai ce komai ba tukuna. Hau."

Sai a yi dariya, mutum ya hau. Nauyi ke yanke tsawon allo, in ji shi, in an kuskure nan, sauran duk wasa ne. In ya yi maka kaɗan, ya nutsar da kai. In ya yi maka girma, ya yi ta yawo a saman ruwa kamar faranti, ka danna shi ya ƙi juyawa. Bayan sikeli sai ya sa mutum ya hau tsohon allon da ya zo da shi da sassafe, kafin masu babur ɗin ruwa su dagula tafki, shi yana zaune a jirgi yana kallo. Kowane ɗan wasa yana da gefen da juyi ke zo masa da sauƙi da gefen da yake wahala, kuma a gefen wahalar kaɗai Dal-su ke duba allo. Ba ya yarda a yanke wa allo hukunci da hawa ɗaya. Sau da yawa ƙarshen maganarsa ita ce, "Kada ka saya. Allonka lafiyarsa ƙalau, gwiwarka ce ba ta lanƙwasa." Wannan ya sa Seok, dillalin da ke kawo allunan daga waje, yake ce masa mai kashe kasuwa, amma duk sabon kayan da ya iso, rumfar Dal-su yake fara kaiwa.

Shi kansa bai taɓa mallakar sabo ba. Kwancen baƙi yake hawa, wani ya yi masa tsawo, wani ya riga ya saki. Sai a sanyin da ya wuce, ranar da Ye-rim ta karɓi shaidar gama jami'a, suna cin gasasshiyar kaza a hanyar dawowa, ya ajiye tsinken cin abinci ya ce, "To, yarinya ta gama. Saura ni."

"Makaranta za ka shiga?" in ji Ok-bun.

"Allo zan saya, Maman Ye-rim. Sabo fil, na gasken."

"Da furfurarka? Ka sayi haƙori tukuna."

Duk sanyin nan ya yi shi yana zaɓe. Ya kira Seok har Seok ya fara ɓoye masa. Ya hau sikeli da kansa a gaban Chun-bae, don kada a ce malam ya karya dokarsa, allura ta tsaya dab da tamanin. Aka yi odar inci sittin da bakwai. Da bazara ta buɗe allon ya iso, baƙi wuluk, bai kai nauyin kaza ba. Ranar ya hana kowa taɓawa sai an wanke hannu.

Allon ya ƙi shi. A gefensa mai sauƙi yakan ɗan lallaɓa, amma da ya zo gefen wahala sai allon ya miƙe gaba abinsa, ƙwallo ya wuce, ko ya watsar da shi a ruwa. Sai hankalin kowa ya koma kan fiffike, ɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin wutsiyar allo, wanda in an matsa shi da kaurin gashi ɗaya sai halin allo ya sauya. Chun-bae ya ce a tura shi gaba. Wani likita ya ce a rage masa zurfi. Seok ya ce a matso da takalmi. Kowace yamma Dal-su na kifa allon a cinya da ɗan mabuɗi a hannu, Ye-rim na karanta masa ma'auni, don idonsa ya daina ganin ƙananan lambobi. Ita a lokacin ta dawo gida, tana ta aika takardun neman aiki, ana ta ce mata a yi haƙuri. Wayarta ba ta barin hannunta. Har gardama ta yi da shi a kan fiffiken, da abin da ta karanto a wayar.

A wannan wasa kuwa rama abin yabo ce. Kowa na fama ya sauke kilo biyu don igiya ta yi masa sauƙi. Don haka da kumatun Dal-su suka fara faɗawa, barka aka yi ta yi masa.

"Malam, ba mu sirrin mana! Ka koma saurayi."

"Sirrin shi ne ku bar giya ku kama igiya," yakan ce, yana ƙara ɗaure rigar ruwansa.

In aka kawo taliya sai ya ci loma kaɗan ya tura wa Chun-bae sauran, wai zafi ya hana shi ci. Chun-bae ya share kwano yana godiya. Ita ma Ye-rim, wata rana da ya tsaya a bakin rumfa rana na bayansa, ta ɗaga kai daga waya ta ce, "Baba, ka yi kyau fa." Wannan maganar ce ta fi damunta yanzu. Mutanen da suka ƙware wajen lura da kaurin gashi a jikin ƙarfe suka yi bazara guda suna kallon mutum yana zubewa, suna taya shi murna.

Da jirgi ya dawo rumfa a safiyar nan, Dal-su ya hau katako yana haki yana dariya, ya rungume ɗan allon.

"'Yar Baba, na ƙwace. Ki je ki nemi wani."

"Baba, hau sikeli."

"Me?"

"Hau sikeli."

"Ji yarinya! Ni za ki koya wa aikina? Chun-bae, ka ji abin da jami'a ke koyarwa?"

Chun-bae ya buɗe baki zai yi ba'a, sai ya dubi allon da ke hannun yayansa, ya dubi Ye-rim, ya rufe bakin. Shi ma ɗan sana'a ne. Baƙin da ke tafi suka sauke hannu ɗaya bayan ɗaya.

Ok-bun ce ta fito daga wurin girki da ludayi a hannu. "Baban Ye-rim, hau. Sau biyu ina huda maka sabon rami a bel, kana ce min don allo kake yi."

Dal-su ya jingine allon a hankali ya hau, da jiƙaƙƙiyar riga, ruwa na ɗiga. Allura ta tsaya a sittin da huɗu. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa baƙon da ya yi ƙarya.

"Ashe allon ba shi da laifi," ya ce. "Duk bazara ina zaginsa."

Ye-rim ce ta tuƙa shi zuwa asibiti a garin Chuncheon. A hanya ya amsa cewa tun ƙarshen sanyi abinci ke tsaya masa a ƙirji, kuma akwai wani ciwo can ƙasan haƙarƙari da ya ɗauka jan igiya ne. Aka ɗebi jini, aka zura masa na'urar leƙe ta maƙogwaro. Likita, wata mata mai magana a hankali, ta ce sun ga wani abu a bakin cikinsa wanda ba su so kamanninsa ba, sun yanki ɗan kaɗan za a duba, za su kira. Da aka nemi lambar waya, Ye-rim ta ba da tata, domin Baba kullum yana ruwa, tasa tana cikin aljihun wandon da ya rataye.

Shekaranjiya sai ga Seok da doguwar jaka a kafaɗa. Labarin ƙwallaye shida ya kai masa, sauran labarin bai kai ba.

"Mai kashe kasuwa! An ce ka koma hawa allon 'yan mata. To ga irin naka sak, inci sittin da biyar. Kawo babban mu yi musaya, ba sai ka ƙara komai ba. Wannan shi ne daidai jikinka na yanzu."

Dal-su ya zuge jakar. Ya shafa gefen allon da babban yatsa tun daga hanci har wutsiya, ya ɗaga shi ya dubi fiffiken ta hasken rana. Ye-rim ta ga yadda yake son sa. Ta kuma gane abin da karɓarsa ke nufi: ya yarda ke nan jikin nan ba zai sake cikowa ba.

"Kaya ne mai kyau," ya ce. "Amma ka bar min babban tukuna."

"Haba Yaya, ya yi maka girma!"

"Yanzu dai. Ka san ni, ba na yanke hukunci da hawa ɗaya."

Seok ya dubi Ok-bun, ta kawar da kai. Ya dubi Chun-bae, wanda ya duƙufa yana naɗe igiya. Sai Seok ya bar zancen musaya. Ya sha ruwan sha'ir ɗin da aka ba shi, ya ce ƙaramin ma ya zauna a nan, ba sauri yake yi ba, ya tafi.

Allunan biyu suna jingine a bangon rumfa, babba da ƙarami. Dal-su yana fita tuƙa baƙi da safe, amma bai hau ko ɗaya ba. Ok-bun na dama masa kunun shinkafa, yana sha rabi. Ye-rim ta daina duba saƙon masu ɗaukar aiki, ta ƙure ƙarar wayarta, ko wanka za ta shiga da ita take shiga. Likita ta ce cikin makon nan sakamakon zai fito. Har yanzu asibitin ba su kira ba.