Mun je Nima jana'iza da likkafani, mun dawo babu shi

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da ƙannena biyu, da yadin likkafani a jaka. Ana idar da salla aka bugo daga Nima cewa Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya faɗi a masallaci, ladan ya taɓa wuyan hannunsa ya ji shiru. Jana'iza bayan la'asar.

A Nkawkaw masu burodi suka yanyame motar. Kuɗin guda ya kusa ninka na bara, amma ɗaya daga cikin ƙannena ya saya yana ci yana hawaye. Kafin Suhum wayata ta mutu, ita kaɗai ce kuma muka fito da ita. A Nsawam muka yi awa guda cur cikin cunkoso.

Da azahar muka shiga lungun su Kawu, muka tarar ana loda kujerun zaman makoki a mota. Na ce a raina an binne ba mu. Mai waken ƙofar gida ta ɗaga ludayi:

"Ku ne na Kumasi? Kawunku bai mutu ba kraa, yana nan da ransa! Yana asibiti, yana shan koko."

Nan take muka nufi asibitin.

A asibiti 'yarsa ta warware mana. Mun san an yi masa aikin zuciya a Turai, inda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota, amma ba mu san inji aka dasa masa ba. Wayar lantarki ce ta fito ta cikinsa zuwa batura a 'yar jakar da muke zaton ta carbi ce. Injin ba ya bugawa, tura jini yake yi bai ɗaya kamar famfo. Shekara shida ke nan da wuya a ji bugun jini a hannun Kawu, ya kuma hana a faɗa wa kowa don kada a riƙa kallonsa. Har an ɗora ruwan wankan gawa 'yar tasa ta iso a guje tana ihu, ta kara kunne a ƙirjinsa ta ji injin yana aiki, aka garzaya da shi asibiti.

Likita ta ce jijiyoyin jini sun saba da bugu. In suka daɗe babu shi, manyan sukan yi tauri, ƙananan na hanji da hanci su yi laushi su riƙa yoyo. Ga maganin tsinka jini da yake sha kullum. Jini ya daɗe yana zubar masa ta ciki, shi ya sa ya suma. An ƙara masa jini leda biyu, amma ta ce abin zai iya dawowa.

Kawu ya miƙo mini hannu. Na danna, na sake dannawa: babu komai, ga shi kuwa yana kallona yana dariya. Na sa kunne a ƙirjinsa, sai gurnani irin na firji.

"To Kawu, gurnanin nan za mu riƙa saurare ke nan," na ce.

"A'a, ɗana. Ranar da na tafi da gaske, injin ba zai sani ba. Zai ci gaba da aikinsa."

"To yaya za mu gane?"

"Ku kira sunana. Ku yi ta kira, kada ku yi saurin ɗora ruwa."

Ya hango farin yadi a jakata, ya ce in bar masa, tunda mun riga mun sha wahalar kawowa.

Washegari muka hau mota a tashar Circle, jakata babu nauyi. Na sha jin an ce wane ya cika, ban taɓa tambayar wa ya duba ba, sai a wannan tafiyar. Tun da muka dawo, kullum bayan sallar asuba nakan buga masa waya. Ba ni da abin faɗa. Sunansa kawai nake kira, in riƙe numfashi har sai ya ce na'am.