Ranar da Alhaji Mumuni Ya Tuɓe Babbar Riga

Ban taɓa mantawa da ranar da na roƙi dattijo sa'an mahaifina ya tuɓe rigarsa a bainar jama'a ba.

Lokacin ina ɗan rakiya a wani kamfanin tafiye-tafiye a unguwar Nima. Ɗan rakiya shi ne mai riƙe fasfo, mai tafinta, mai shan faɗa. A watan Yuli aka haɗa ni da Alhaji Mumuni, tsohon mahauci daga unguwar Maamobi, zuwa gandun daji a Botswana, lokacin sanyin can. Idonsa na mutuwa, likita ya ce abin da ya rage kaɗan ne. 'Ya'yansa suka tambaye shi burinsa, ya ce ya ga giwa.

Ƙa'idar gandu ita ce: ba a sauka daga mota, ba a ɗaga murya, kuma jagoran daji, wato direban da ya san sawun dabbobi, shi ke da magana ta ƙarshe. Ita kuwa motar a buɗe take. To mu mutanen Zongo ba mu fita ganin babba da kayan banza. Kullum Alhaji sai ya fito cikin farar shadda mai sitaci, ya sha turare kamar mai zuwa Idi. Ya motsa, shadda ta yi kwaram. Dabbobi sai su gudu; barewa kawai muke gani, ita ma ƙeyarta.

Ranar ƙarshe jagoran ya ja ni gefe ya ce matuƙar farar rigar nan da ƙamshin nan suna cikin mota, ba zai matsa kusa da garken giwa ba. Daga nesa kuma Alhaji ba ya gani.

Na je gaban Alhaji na durƙusa na ce, "Baaba, a gafarce ni. Rigan nan ne matsala."

Ya ce, "Isifu, tun da na yi aure, ba wanda ya gan ni waje ba riga."

Na ce, "Na sani, Baaba."

"In na cire, giwa zai zo?"

"Allah ne masani."

Ya tuɓe a gaban Turawan da ke motar, ya wanke turaren, ya sa tsohuwar rigata ta kaki, wadda ko maɓalli ba ta kama masa ba.

Da la'asar, a bakin kogi, jagora ya kashe inji. Wata giwa, uwar garke, ta taho har muna jin numfashinta. Alhaji ya damƙe hannuna, hawaye na bin gemunsa. Ya raɗa mini, "Kamar bango yana tafiya. Subhanallah."

Kafin Babbar Salla idon ya rufe gaba ɗaya.

Ku da kuka shigo aikin rakiya yanzu, ku sani kunyar manya tarbiyya ce, amma wani lokaci ita za ta cuci babban. Da na yi shiru ranar, da ya koma Maamobi da mutuncin rigarsa, bai ga komai ba. Rigar kakin kuwa bai mayar mini ba. Bayan rasuwarsa 'yarsa ta same ta a ninke cikin akwati, tare da haraminsa na Hajji.