Wankan Jego a Ƙauyen Oxford

Shekara goma sha tara muna bango ɗaya da Yalwa a unguwar Misfala da ke Makka, ban taɓa ganin ta zauna ta cinye abinci ba. A tsaye take ci, kwano a hannu, ƙafa ɗaya cikin takalmi. In na ce, "Yaya Yalwa, ki zauna mana," sai ta ce, "Shatu, in na zauna wa zai ɗora wa matar mutane ruwa?" Kafin in buɗe baki ta sha kwana.

Wankan jego ne sana'arta. Duk Bahaushiyar da ta haihu tsakanin Misfala da Jarwal, Yalwa ce za ta hura wuta, ta tafasa ruwa, ta tsoma reshen ganye ta yi ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Ni ma sau uku na shiga hannunta, kuma ba ta da tausayi ko na ƙwayar gero. Ina ihu tana cewa ai ruwan ma ya huce.

Daga ƙasar Haɗejia ta taso tana amarya, ita da mijinta Maman, a ƙafa. Shekara shida suka yi a hanya, suna tsayawa tsinkar auduga a Sudan su tara guzuri su ƙara gaba. Da suka sauke farali sai suka yi zamansu, ba iƙama ta izinin zama, ba takardar komai, kamar yadda da yawanmu muka yi. Maman ya rasu aka binne shi a maƙabartar Mu'alla. Tun daga ranar burin Yalwa ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami, a kai ta inda aka kai mijinta. Takan ce ba ta tako shekara shida don a haƙa mata rami a wani wuri ba.

'Ya'yanta biyu ne suka yi rai. Babbar ta rasu a garin Ɗa'ifa kwana tara bayan ta haihu, kafin Yalwa ta isa, kuma ba wanda ya iya cire mata a rai cewa rashin wanka ne ya sa sanyi ya shige ta. Saura auta, Ruƙayyatu, wadda ta auri Mukhtaru. Shi haifaffen nan ne, ɗan ƙasa da takardunsa, ma'aikacin lafiya. Hukuma ta tura shi Ingila ya koyo ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti da ke garin Oxford, ya tafi da matarsa.

A shekarar 1964 wasiƙa ta zo, maigidana ya karanta mana. Ruƙayyatu na da ciki wata bakwai, likita ya hana ta hawa jirgi, ba za ta zo goyon ciki gida ba.

Yalwa ta miƙe ta ce, "To ni zan je."

Na ce, "Ki je ina? Yaya Yalwa, yanzu hukuma ba ta san da zamanki a garin nan ba. Ranar da aka ɗauki hotonki aka manna a jawaz, fasfo ke nan, kin zama baƙuwa. Fita ba wuya, komowar ce abin ji."

"Na sani."

"Kin sani kike cewa za ki?"

"In bar ta a hannun wa? Ɗaya ta tafi ina kallo. Halas, magana ta ƙare, Shatu, kar ki ƙara mini."

Kwana uku tana kaiwa tana komowa tsakanin ɗakinta da Harami, ba ta ci wani abin kirki ba. A na huɗu ta tafi Jidda aka yi mata fasfo na Nijeriya, ƙasar da ta ce ko sunanta ba ta taɓa ji ba lokacin da ta baro ta. Ta ƙulle kanwa da citta da garin gero a tsumma, ta bar mini makullin ɗakinta. Na yi fushi da ita sosai, har na ƙi raka ta tasha, abin da nake nadama har yau.

Abin da ya faru a can daga wasiƙun Mukhtaru na san shi, sauran kuma daga bakin Ruƙayyatu bayan shekaru. A wani ƙauye suke zaune, tafiyar rabin awa a bas daga Oxford, sun kama ɗaki biyu a gidan wata tsohuwar Baturiya. Ko'ina ciyawa shar, ga shanu da tumaki ba makiyayi, ga ruwan sama kusan kullum. Matar da ta saba sayen ruwa garwa-garwa ta tsaya a taga tana mamakin mutanen da ake yi wa ruwa haka ba mai ko ɗaga kai ya gode wa Allah.

Ruƙayyatu ta haifi namiji, aka sa masa Yunus. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti Yalwa ta sa hannu a ruwan zafin famfo ta ce wannan ko kaza ba zai fige ba. Ta zaga gidan ciki da waje. A bayan gida ta tarar da wani ɗan ɗaki, a ciki an gina ƙatuwar tukunyar tagulla cikin bulo, da ramin wuta a ƙarƙashi. A nan matar gidan ke dafa zannuwan gado a da.

Sai dai fa neman izini ya zama aiki. Ruƙayyatu ba ta jin Turanci, Mukhtaru kaɗai ke ji, shi kuwa suruki ne, wanda Yalwa ba ta ko ambatar sunansa, balle ta yi zancen wankan matarsa da shi. Ta juya masa baya ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa matar nan ana son aron tukunyarta. A gaya mata ba tufa za a dafa ba." Mukhtaru ya fassara yana gumi a cikin wannan sanyi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce shekara talatin tana wanki a tukunyar nan, ba ta taɓa jin an wanke mutum da ita ba. Amma ta kawo makulli, ta haɗa da bokitin gawayi.

Saura ganye. Yalwa ta bi wata 'yar hanya ta ratsa gonaki biyu har bakin kogi, ta samu wata bishiya mai siraran ganye kamar na darbejiya, rassanta na taɓa ruwa. Kullum da safe can za ta je ta karyo. Ungozomar hukuma da ke zuwa a keke duba jariri ta taɓa riskar su cikin tururi, ta yi ta faɗa da ɗaga hannu. Yalwa ta gyaɗa kai kamar ta yarda, daga ranar ta riƙa gama wankan kafin keken ya iso.

Duk da haka hankalinta ba ya wurin. Kowace safiya sai ta ƙulla ƙulli ɗaya a wata igiya, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ganyen bishiyar ya soma rawaya yana zuba, ta shiga fargabar kada ya ƙare kafin arba'in. Ta tsananta wa Ruƙayyatu da tambaya ko an tura takardun komawarta. Kullum amsar ɗaya ce, an tura, ana jira. Ranar cikon arba'in da rassan da kusan ba ganye ta yi wankan, ta wanke tukunyar tas, ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa.

Washegari Mukhtaru ya ce Yalwa ba za ta bar ƙasar ba sai ta ga birnin. Suka shiga bas su huɗu har da jariri. Ya nuna mata makarantun da ake barowa daga ko'ina a duniya don a shiga, tsoffin gine-ginen dutse masu tsakar gida da ciyawar da ba a takawa, ɗalibai da baƙaƙen riguna suna wucewa a kekuna, ƙararrawa na kaɗawa ta nan ta can. Yalwa na gaba suna bin ta da sauri, ba ta tsaya a ƙofa ko ɗaya ba. A kan wata gada ce kawai ta ja birki, ganin wani mutum yana tura kwalekwale da doguwar gora. Ta ce wa 'yarta haka aka ƙetare da su kogi a garin Fallomi a hanyarsu ta zuwa Makka, ita da Maman.

A nan Mukhtaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Amsa ta zo tun sati biyu, na ɓoye don a gama wankan."

Ba ta dube shi ba. Kogin take kallo. "A faɗa."

"Sun ce ke 'yar Nijeriya ce, ba ki da iƙama. Ba za ki shiga ba sai a matsayin mahajjaciya, kuma daga ƙasarki, lokacin Hajji."

"Saura wata nawa?"

"Biyar."

Ruƙayyatu ta fashe da kuka. Yalwa ta karɓi jaririn daga hannunta ta goya, ta ce a nuna mata inda ake shiga bas ɗin gida.

Watannin da suka biyo baya ba wanda ya huta a gidan. Ba sauran wanka, ba aikin yi, ga rana tana faɗuwa tun la'asar. Yalwa ba ta kwance kayanta ba. Da safe in ta idar da salla sai ta sa takalman roba na tsohuwar Baturiya, ta miƙe ta bi saitin alƙibla, ta ƙetare shinge, ta ratsa gona, ta wuce ƙauyen gaba. Kullum sai ta ƙara nisa a kan na jiya. Manoma suka saba da ita suna ɗaga mata hula. Wata rana wani daga cikinsu ya dawo da ita a motarsa daga mil tara, jiƙe sharkaf tana tari.

Ruƙayyatu ta ce, "Ya ummi, don Allah ki zauna da mu. Saura shekara biyu mu koma tare, zai nemo miki hanya ta ƙa'ida."

Yalwa ta ce, "In na mutu a cikin shekara biyun fa? Kin ga inda suke binne nasu? Bayan coci, ƙasa duk ruwa."

Ta yi azumi a can cikin ƙanƙara. Bayan salla Mukhtaru ya sa ta a jirgin Kano. Ta yi sati shida a gidan wasu dangin mahaifinsa, ba ta san kowa a garin ba. Haɗejia ba nisa, amma ta ƙi leƙawa, kada jirgin alhazai ya tashi ya bar ta.

Kwana biyu bayan an sauko daga Mina na ji an taɓa ƙofata da hantsi. Yalwa ce, ta rame har sai da na sake duba ta. An haɗa ta da alhazan Kano a gidan wani muɗawwifi, mai kula da alhazai, a Jarwal, fasfonta na hannunsa kamar na kowa. Ta ce har wani jagora ya riƙa nuna mata ta inda ake shiga Harami. Muka yi dariya, sannan muka yi kuka. Ta miƙo hannu na ba ta makullinta.

Ranar da za a kwashe su zuwa Jidda mutanen muɗawwifin suka shigo Misfala suna tambayarta, don ta ƙi komawa cikin alhazan. Kowa ya ce bai san wata Yalwa ba, a unguwar da rabin yaranta ta hannunta uwayensu suka bi. Tana cikin ɗakina bayan randa, ina jin numfashinta. Suka dawo washegari, daga nan ba su ƙara ba.

Na zaci shi ke nan. Ashe ba haka ba. Ta sa wa ranta cewa hotonta na hannun hukuma, duk askarin da ya gan ta zai gane ta, a jefa ta jirgi. Ta daina wuce bakin lungunmu. Matar da take kewaye Makka sau biyu a yini ta koma tafiya daga ƙofarta zuwa bakin lungu ta juyo, taku arba'in, safe har yamma. Masu jego na kusa ta yi musu, na nesa suka nemi wata. Da Mukhtaru ya dawo da iyalinsa ya so ya gyara mata takardu, ta rantse kada a kai sunanta kowane ofishi.

Na yi mata faɗa har na gaji. Na ce, "Wa ke ta taki? Tsohuwa a cikin mayafi, wa zai gane ki? Ga Harami nan, kina jin kiran salla kamar a kan gadonki. Taso mu je." Sai ta ce, "Ba yau ba, Shatu." Ni dai ban taɓa ganin wanda ya zo nemanta ba. Haushin abin yana ci na, don na san abin da ta sayar ta sayi wannan zaman.

Shekara huɗu ta yi a haka. Tarin da ta kwaso a can bai taɓa sakinta ba, shi ya yi ajalinta a 1969, wata safiyar Laraba. Ni da Ruƙayyatu muka yi mata wanka. Maza suka ɗauke ta kafin azahar, na bi su daga nesa har ƙofar Harami. Askarawa biyu na tsaye a wurin. Da makarar ta zo wucewa ɗayansu ya matso ya sa kafaɗarsa, kamar yadda kowa ke yi wa gawa a garin nan, ya taka da ita ya shigar da ita ciki, sannan ya koma bakin aikinsa. Bai tambayi ko wace ce ba.