Inda Algaita Take Shigowa

Yayana Teik Hock ya ƙare ƙarfinsa a jirgin fito, yana yagar tikiti tsakanin tsibirinmu na Penang da tsallake. Ya je, ya dawo, ya sake komawa, har ya yi furfura bai sauka ko'ina ba. Da ya ajiye aiki na ce to, yanzu dai mutumin nan zai zauna wuri ɗaya. Ashe kai-da-komon nasa ya ɗauko ya hau bene da shi.

Ni nake riƙe da shagon kofin da mahaifinmu ya bar mana a ƙasa, shi kuma yana sama da faya-fayansa. In aka ce maka mutum yana da faifai cike da bango, za ka zaci kiɗa ne iri-iri. Ina! Kiɗa ɗaya ne tal, irin dogon nan da ake kira simfoni, wanda makaɗa kusan ɗari suke haɗuwa su yi, ba mawaƙi, ba rawa. Wani mutumin ƙasar sanyi ne ya tsara shi ana tsakiyar yaƙin duniya, sunansa kuwa har yau harshena ya ƙi ɗauka. Makaɗan ƙasashe da dama sun buga shi an naɗa, Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tara. A rediyon matuƙin jirgi ya fara jin sa yana saurayi, tun daga ranar abin ya kama shi bai sake shi ba.

Abin haushin, a cikin kiɗan ma wuri ɗaya yake saurare. A kashi na uku komai yakan lafa, masu goge su yi ƙasa-ƙasa, sai wata siririyar algaitar Turawa ta shigo ita kaɗai, kamar mai sallama a gidan da kowa ya fita. Ba ta daɗewa, kafin ruwan kofi ya tafasa ta gama. Tana yin shiru sai ya tsayar, ya sa wani faifan, ya koma daidai wurin. Ni da nake ƙasa ina gasa burodi na haddace algaitar nan ba da son raina ba. Amma sai da na tsufa kafin na san yadda kiɗan yake ƙarewa, kuma ina kyautata zaton shi ma Yaya ya manta.

Ran Lahadi da hantsi abokansa biyu suke hawa. Akwai Malam Selvadurai, tsohon malamin lissafi, da Zainol wanda ya yi aikin gyaran na'ura a gidan rediyo. Suna da dokokinsu, kuma sun riƙe su kamar addini. Zainol ne yake zama bayan wani tsohon labule da na'urar, don kada kowa ya ga rigar faifan da aka sa. A saurara, babba ya fara magana, a yanke hukunci, sannan a nuna rigar. Faifan da aka kayar sai a kai shi can ƙasan kanta, jikin bangon da damshi yake tasowa. Maƙabarta suke kiran wurin. Hukunci kuma in ya fita daga baki ba a janye shi.

In na kai musu kofi nakan tarar ana yi.

“Wannan Bajamushen ne,” in ji Malam Selvadurai. “Ji yadda yake tafiya ƙyam kamar mai zuwa ofis.”

“Kunnenka ya tsufa, Malam,” in ji Yaya. “Tsohon Rasha ne. Ba ka ji yana kuka ta hanci ba?”

“Kai da injin jirgi ya cinye wa kunne, kai ne za ka yi min gorin ji?”

Sai Zainol ya yi magana daga bayan labule: “Ku dai gama, tsofaffin banza, kofina yana hucewa.”

Haka suke kiran masu busar, Bajamushe, Tsohon Rasha, ɗan Japan na farko da na biyu, kai ka ce maƙwabtanmu ne.

Matar Yaya ta rasu 'yarsu Gaik Suan tana rarrafe, ni na goya ta a bayan kantar kofi. Ba a barin yara su shiga ɗakin sama ran Lahadi, sai ta riƙa zama a matattakala, bayanta a jikin ƙofa, gwiwa a ƙirji. Sauran yaran layi suna bakin teku, ita tana nan tana jin algaita ɗaya ta shigo ta fita. Da aka raba musu kayan kiɗa a makaranta ba sai an gaya maka wanne ta ɗauka ba.

Kada in zalunci Yaya, ba ƙin ta yake yi ba. Takalminta bai taɓa yagewa bai sake mata wani ba. Sai dai duk ranar da ya ji tana koyon busa a bayan shago, tsakanin buhunan kofi, zai sauko da faifai a hannu ya ce, “Saurari ɗan Japan tukuna, ki ji yadda ake sauka.” Iyakar yabon da ya iya ke nan. Ita kuwa ta karɓa da hannu biyu. Duk faifan da ke kantar ubanta sai da ta saurare shi, har da na maƙabarta.

Ta girma, ta yi karatun kiɗa, ta sami kujera a cikin manyan makaɗan babban birni. Ana nan sai ga waya: simfonin nan za su yi, kuma ita ce za ta busa wurin. Ta ce, “Gwaggo, ki taho min da Baba. Sau ɗaya dai ya zauna ya ji ni.”

Na hau na gaya masa. Ya daɗe yana goge faifan da babu ƙura a jikinsa.

“A zaure ba a tsayarwa,” in ji shi. “Wani ya yi tari, shi ke nan wurin ya wuce. Kuma da me zan gwada shi?”

“'Yarka ce fa, Yaya, ba atamfa ba da za ka kara ta da wata.”

Na ga tsoro a fuskarsa, irin na wanda aka ce ya sauka a tashar da bai sani ba. Ni kaɗai na hau mota na tafi.

A zauren, da algaitar Suan ta yi shiru sai na ji jikina ya ɗaure, ina jiran a tsayar. Ba wanda ya tsayar. Kiɗan ya ci gaba, ya tashi, ya yi ta tafiya wuraren da ban taɓa sanin akwai su ba, har ya ƙare a hankali. Na yi kuka, rabi don yarinyar, rabi don takaicin shekarun da na yi ana katse min abu a tsakiya.

Da hutu ta zo gida da faifan da gidan rediyo ya naɗa a ranar. Maimakon ta hau da shi, sai ta tare Zainol a shago.

“Baffa Zainol, ka sa min shi a bayan labule.”

Zainol ya ce, “Suan, kin san bakin ubanki.”

Ni ma na sa baki. “Ke, miƙa masa hannu da hannu, ki ce Baba ga nawa.”

“In ya san ni ce zai ce ya yi kyau, ya ajiye,” in ji ta. “Ni so nake ya ji ni, Gwaggo. Ta bayan labulen nan kawai yake jin mutum.”

Ran Lahadin ita ta ɗauki farantin kofi ta hau, ni ina biye da ita da burodi. An sa Bajamushe, an sa wani, an yi gardamar da aka saba. Sai Zainol ya yi gyaran murya ya sa na gaba. Na gane shi tun daga tarin da wani mutum ya yi a bayana a zauren.

Malam Selvadurai ne babba, shi ya fara. “Sabon naɗi ne, a gaban jama'a. Mai busar nan ya iya. Amma ƙasarsa ta ɓace min.”

Yaya idonsa a rufe. Ya ɗaga yatsa, alamar a maimaita. Aka maimaita. Suan tana tsaye a bakin ƙofa da faranti.

“Ya iya, ban musa ba,” in ji Yaya. “Amma babu kowa a ciki. Shigowarsa ta Bajamushe ce, a tsakiya ya ari kukan Tsohon Rasha, ya sauka irin na ɗan Japan. Wannan ba a taɓa barin sa ya fita wasa ba. Wani ne ya kulle shi a ɗaki da faya-fayai tun yana yaro. Ko wane ne, ya cuce shi. Zainol, maƙabarta.”

Zainol bai fito ba. Hannunsa kawai ya miƙo ta gefen labule, da farin faifai marar riga, an rubuta Gaik Suan a kai da baƙin alƙalami.

Yaya ya karɓa ya duba.  Suan ta ajiye farantin a hankali, ba ɗigon da ya zube.

“Baba,” in ji ta, “saukar, ta ɗan Japan na farko ce ko na biyu?”

“Na biyu,” in ji shi, kafin ya ankara.

Ta gyaɗa kai. “Shi ka fi ba ni.” Ta juya ta sauka. Washegari da safe ta koma birni.

Malam Selvadurai ya so ya gyara. “Teik Hock, dokar nan mu muka yi ta, mu za mu iya…”

“Ba a janyewa,” in ji Yaya. “Kuma ba ƙarya na yi ba.”

Sai dai bai kai faifan nan maƙabarta ba, bai kuma sa shi cikin sauran ba. A kan na'urar ya bar shi. Daga ranar zaman Lahadi ya mutu. Abokan sukan zo su sha kofinsu a ƙasa, su ɗaga kai su dubi rufi, su tafi. Abin da muke ji daga sama ya sauya: nata, sai wani, nata kuma, sai wani. Wuni guda haka, har masu zuwa cin taliyar rana suka fara tambayata ko na'urar ce ta lalace. Suan tana nan a kujerarta a birni, tana kirana a waya. Game da shi abu ɗaya take tambaya, ko yana cin abinci.

Damina ta kusa fita, wata rana da la'asar Yaya ya sauko da gudu har yana tuntuɓe, ya rame, idonsa yana ƙyalli.

“Na samu,” in ji shi. “Akwai wani wuri dab da ƙarshen busar, ta ja numfashi. Gajere, amma ana ji. Babu shi a ko ɗaya. Na duba duka, har maƙabarta na tona. Wannan nata ne.”

Na goge hannu na ɗauko waya na tura masa. “To maza kira ta ka gaya mata.”

Ya dubi wayar. Na ga hasken ya bar fuskarsa.

“In ce mata me? Ba a jan numfashi a wurin. Kuskure ne.”

“Yaya, don girman Allah!”

“Za ta tambaye ni, kin san ta. Kuma zan faɗa.”

Ya juya ya hau. Ba a jima ba na ji algaitar ta taso, aka tsayar, aka dawo da ita baya kaɗan. Yanzu ba ya ma jiran shigowar, numfashin kawai yake maimaitawa. Na kasa kunne daga ƙasa, sai na gane shi. Shi ne wanda take ja tun tana ƙarama, in ta miƙe a matattakala ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta buɗe baki za ta ce Baba, sai ta fasa.