Zakara a Ƙarƙashin Kwando

Kullum da asuba, kafin in ɗauki gammona in nufi kasuwar Ogbete, Inna Zuliha ta riga ta zagaya bayan gida da ƙwaryar dusa. Zakaranta take fara kamawa, wani ja mai dogon ƙaimi da take kira Jatau. Ta ɗaure masa ƙafa ɗaya da tsumma a gindin gwanda, sannan ta buɗe wa kaji akurki. Sai sun ci sun sha, masu ƙwai sun yi ƙwansu, take kwance shi wajen azahar.

Ni dako nake yi. Ina haya a ɗakin ƙofar gida, su kuma suna ciki, ita da maigidanta Malam Mijinyawa mai sayar da albasa, a unguwar Obiagu cikin Inugu. Sun fi shekara ashirin a garin. Ta haihu, 'ya'yan ba su zauna ba. Kajin nan su ne aikinta, ƙwansu take kai wa masu shayi.

Jatau ba shi da kirki. In aka sake shi da safe, sai ya hana kaji sakat, ya fige musu gashin baya har fata ta fito. Ya taɓa tsaga mini dunduniya. Na ɗauki itace, ta ce in ajiye.

"Duka ba ya gyara zakara, Dogara. Ƙara masa hauka yake yi."

Ta sunkuya ta cafke shi, ta matse shi a hamata, ta ci gaba da shara da hannu ɗaya. Ya yi ta zillo har ya gaji ya yi laƙwas, sannan ta ajiye shi. Malam Mijinyawa yana alwala yana dariya.

"Ka gani ko? Ni ma haka ta yi mini, shekarar farko."

"Kai ai har yau ba ka yi laƙwas ba, Malam," in ji ta.

Ya daɗe yana so a ci zakaran nan. Wai zakaran ya tsufa, kuma ya addabi kaji. Ita kuma kullum sai ta ce a bari. Ranar da zai tafi Anaca tarar motar albasa a kasuwar Ose Okwodu, ya sake tayar da maganar yana saka takalmi.

"To, na ji," ta ce. "Ranar da ka dawo, kai za ka yanka shi da hannunka."

Wannan a ƙarshen damina ne, shekarar sittin da shida. Yana tafiya gari ya rikice. Jiragen ƙasa suka riƙa sauke Ibon da suka tsira daga kisan da ake yi a Arewa, wasu da sara a jiki, wasu a likkafani. Na ga wasu da idona a tasha, ban ga laifin mai kuka ba. Amma fushin kanmu ya sauka. Aka kashe waɗanda na sani a bakin Ogbete, mutanen da ba su taɓa mari kowa ba. Masu hali suka gudu bariki wajen 'yan sanda. Na ce wa Inna ta tashi mu bi su.

"In Malam ya zo ya tarar ba kowa fa? Ina zai neme ni?"

Ban tafi ba. Tuwonta nake ci tun zuwana garin.

Mai gidan da muke haya, Mama Nwakaego, Ibo ce, katanga ce tsakaninmu. Ta zauna Kafancan, tana jin Hausa. Ɗanta ma yana Jos, ba labarinsa. Ita ta zo ta sa ƙaton kwado a ƙofarmu ta waje, ta gaya wa unguwa Hausawa sun gudu. Ruwa da garin rogo ta kan katanga take miƙo mana.

Washegari da asuba Jatau ya yi cara. Ya yi, ya ƙara. Gari na wayewa muka ji samari a ƙofa suna jijjiga kwado. Kaji suka ji a gidan da ba kowa, suka zo ɗiba. Muna kwance a ƙasa muna jin Mama tana yi musu masifa da yarensu, wai kajin nata ne, Hausawa sun bar mata a madadin haya. Da ƙyar suka tafi. Ta leƙo ta katanga tana haki.

"Zuliha, yanka wannan abu. Gobe ba za su ji maganata ba."

Na ce gaskiya ta faɗa, ga wuƙa a ɗakina.

"Mai yankansa yana hanya," in ji Inna.

"Inna, ranmu uku ne a nan, har da na Mama. Zakara ne fa."

"Na san zakara ne. Na ce da mutum shi zai yanka. Ba zan riga shi ba."

Ta shigar da kaji ɗaki ta toshe taga. Shi kuma ta ɗauko wani gajeren kwandon albasa ta kife shi, ta ɗora dutsen niƙa a kai. Ta ce zakara ba ya cara sai ya miƙe wuya, in ba wurin miƙewa sai ya haɗiye. Ban yarda ba sai da asuba ta yi. Muka ji yana ta buga kai a kwando, wani ɗan gurnani yana fita kamar na mai mura. Carar ba ta fito ba.

Haka muka zauna, kwana da kwanaki. Da rana tsaka, in hayaniyar titi ta yi yawa, takan ɗaga kwandon ta rungume shi, ta riƙe masa baki da yatsu biyu, tana murza masa wuya. Ta ba shi ruwa, ta mayar. Kaji kuwa duhu ya sa suka daina ƙwai. In an taɓa ƙofa ko iska ce, sai ta gyara ɗankwali ta miƙe. Ba ta yi kuka a gabana ba. Salla take yi, ta share tsakar gida a hankali don kada a ji tsintsiya, ta wanke butar Malam ta cika ta da ruwan da muke tattali.

Zakara ba a yi shi don zaman kwando ba. Ya fara barin dusa. Da ta ɗaga shi, wuyan ba ya miƙewa ko ta sake shi. Wata safiya ta ɗaga kwando ta tarar da shi a gicciye, zankonsa ya yi baƙi, ido a lumshe, ƙirji na ɗagawa kaɗan kaɗan. Ta daɗe a tsugune. Ta ɗiga masa ruwa a baki, ruwan ya gangaro.

"Dogara."

"Na'am, Inna."

"Wasa wuƙarka. Yi sauri kada ya zama mushe."

Na wasa a bakin dutse. Ita ta riƙe ƙafafu da fukafukai, ta juya shi gabas.

"Ba wai na fid da rai ba ne," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ka ji ko? Kada ya mutu a banza ne kawai."

Na ce na ji. Na yi bisimilla na yanka. Jinin ma bai taka kara ya karya ba.

Ta fige shi ta gyara, Mama ta karɓa ta soya a nata murhun saboda hayaƙi. Da naman ya dawo, Inna ta tsame ƙundun ta ƙulle a ganye, ta ɗaure a bakin zaninta. Ƙundu na maigida ne, kowa ya sani. Ta tura mini sauran. Ita ko loma ba ta kai baki ba.

Bayan nan aka yi shela duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar yankin, za a ba da jirgi. Inna ta ce ba inda za ta. Mama ce ta zo da labarin da ya tashe ta: an kwaso Hausawan Anaca a motocin 'yan sanda, an zube su a tashar jirgi. Kafin ta rufe baki Inna ta yafa gyale.

Ta miƙa wa Mama kajin ɗaya bayan ɗaya ta kan katanga.

"Ki fito da su rana, za su koma ƙwai. In kin samo musu zakara, ki ɗaure shi da safe."

"Na ji."

"In Malam ya zo, ki ce ina tasha. Allah ya dawo miki da naki."

Mama ta riƙe mata hannu. Ita ta kira ɗan sandan da ya raka mu.

Tashar ba masaka tsinke. Mutane zaune a kan ƙullin kaya, wasu ba ko takalmi. Muka sami mutanen Anaca a can ƙarshe. Wani ya ce ya ga Malam Mijinyawa ya nufi gada zai tsallaka Asaba. Wani ya ce a'a, a kasuwa aka ritsa da shi. Wani ya ce bai san mai sunan ba. Da jirgi ya zo aka yi ta turereniya, na kama hannunta, ta zame.

"Shiga ka kama mana wuri. Saura waɗancan ban tambaya ba."

Aka danna ni cikin tarago, ba halin juyawa. Na yi ta kira, muryata ba ta kai ba. Na neme ta a Makurɗi, na neme ta a Kafancan, har Kano na bi tarago tarago. Ko ta shiga na baya, ko ta koma Obiagu, ban sani ba, kuma ban sami wanda ya sani ba.

Ganina da ita na ƙarshe shi ne da jirgi ya fara motsi, na hango ta ta taga. Tana tsaye gaban wani dattijo da ke zaune a ƙasa da ɗaurin tsumma a kai. Ta ɗaga hannu sama da kanta tana nuna masa tsawon Malam. Dattijon ya girgiza kai. Ta matsa wajen na kusa da shi, ta sake ɗaga hannun.