Takalman Inna Dolores a Tagar Shagona

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina shafa gam a ƙasan wani takalmi, 'yarki Renata ta bugo mini waya ta ce Allah ya yi miki rasuwa. Inna Dolores Pawlak, kina da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar mako biyu. Na ajiye wayar, gam ɗin ya bushe a yatsuna ban sani ba.

Shekara talatin kika yi kina gyara rubutun wasu a ƙaramar jaridar mako-mako ta garin nan namu na Ohio, sunanki bai taɓa fitowa a saman shafi ba. Da kika yi ritaya sai kika dawo kanmu, mu masu ƙananan shaguna a layin tashar bas. Shekarar da aka rufe masana'antar taya, ciniki ya mutu, na haɗa dala ɗari uku zan sayi talla a jarida. Kika dube ni sama da ƙasa.

"Kai Cornelius, kana da hankali kuwa? Wa ka taɓa gani ya karanta talla da gangan? Mai da kuɗinka aljihu. Ba su labari, da ƙafarsu za su zo."

Kika ce duk Litinin in gyara takalmin duk mai zuwa neman aiki, kyauta. Kika rubuta shafi guda, kika taka da ƙafa kika kai jarida da gidan rediyo, don kin ce takardar da aka miƙa hannu da hannu ba a jefa ta kwandon shara a gaban mai ita. Wannan makon hotona ya fito a shafin farko, shagona ya rayu. Haka kika sa Odalys mai burodi ta riƙa kai wa 'yan kwana-kwana burodi mai zafi, kika tura Terrence mai aski gidan tsofaffi. Shago goma sha tara suka ci arzikinki. Ladanki kofin gahawa ɗaya ne, sai kuma takalmanki masu ruwan ƙasa da na sake wa ƙasa har sau tara.

Inna, bari in gaya miki abin da ya faru bayanki, ko da ba daɗi. Ranar jana'izarki, a coci mu goma sha ɗaya ne. Cikin shago goma sha taran nan, ni da Odalys kaɗai muka zo. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ya aiko da furanni, ƙyallen da ke ɗauke da sunan ƙungiyar ya fi furannin girma, kafin a kai ki makwanci har ya ɗora hotonsu a intanet. Darasinki dai ya shiga kansa, kunya ce ba ta shiga ba.

Renata ta je jaridar da kika ƙarar da idonki a cikinta, aka ce mata sanarwar rasuwa biya ake yi, layi-layi. Raina ya ɓaci, na ce ni zan biya.

"Kawu Cornelius, in ka biya jarida kuɗi, wallahi tashi za ta yi ta ɗauke ka da mari," in ji ta.

Sai na bi hanyarki. Na karɓo takalman nan na ajiye a tagar shago, na rubuta sunanki da duk abin da kika yi a kan kwali, na kira wata 'yar jarida.

"Baba, ka yi haƙuri, amma rasuwar tsohuwa ai ba labari ba ce."

Da na ce mata takalmi ne da aka gyara sau tara, kafin azahar ta iso da kyamara. Na faɗa mata sunanki sau uku, har na rubuta mata shi a takarda.

Ranar Alhamis jarida ta fito. Ga hotona, ga sunan shagona da manyan baƙaƙe, ga takalmanki. Ke kuwa, "wata tsohuwar mai kawo masa gyara" aka kira ki. Tun daga ranar shagon bai rabu da mutane ba. Suna ɗaukar hoton tagar, suna ajiye mini aiki, ba mai tsayawa ya karanta kwalin. Kina kabari kin sake cika mini shago, na rasa inda zan sa kaina.

Na so in zagi 'yar jaridar nan, sai na tuna. Shekara ashirin 'yan jarida suna tambayata wa ya ba ni dabarar Litinin, ina murmushi ina cewa tausayi ne kawai. Ban taɓa ambatonki ba, ko sau ɗaya. Abin da ta yi miki rana ɗaya, ni na fi ta daɗewa ina yin sa.

Allah ya jiƙanki, Dolores Pawlak, ya sa kin huta, ya saka miki da abin da muka hana ki. Renata, da ƙanenta Stanley, da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da muka ci abinci da hannunki muka ɓoye sunanki, Allah ya yafe mana, ya fara da ni.