Wata Shida a Gaban Kwali

Har yau in na ga kwalin sukari a yashe bakin shago sai raina ya ɓaci. Kai kwali za ka gani. Ni kuwa a kansa na yi karatun kwamfuta.

Lokacin wayar salula ta fara shigowa Azare, ina saurayi, boko ya tsaya mini a aji uku na sakandare. Baba ya ji ana cewa wanda ya iya kwamfuta ba ya rasa aiki. Tsakiyar damina, gero na jiran maimai, ya raba ni da fartanya a Chinade, ya ajiye ni gidan gwaggona a Azare, ya sa ni wata makarantar kwamfuta a cikin gari.

Ɗaki ɗaya ne mai warin fetur da sabon fenti. Mu cike da benci, kwamfuta guda, an lulluɓe ta da farin leshi. Malamin ya ce gumin hannunmu na ɗauke da cutar da ke kashe na'ura. Saboda haka kowa ya nemo kwali, ya zana madannai da biro, a kai muke ta dannawa. Sai ya ɗaga leshin ya nuna da sanda, mu kuma mu amsa da ƙarfi: wannan monita, wannan mawus. Ya mayar ya rufe.

Da na je gida na ce, "Baba, wata huɗu ban taɓa ta ba."

Ya ce, "Ranar da ka shiga makarantar allo littafi aka miƙa maka? Hadda tukuna. Kada in ƙara jin ka kushe malaminka."

Har zaure ya kira ni na biya wa abokansa sunayen, suna ta masha Allah.

Bayan an ba mu takardar shaida, wani Alhaji abokin Baba ya buɗe shagon buga takardu a Misau, yana neman mai aiki. Baba ya sa babbar riga ya kai ni da kansa. Alhaji ya nuna kwamfutarsa ya ce, "Bismillah, kunna ta ka buga mana wasiƙa."

Wallahi ko ido rufe na san mazaunin kowane harafi. Amma wurin kunnawa ba ya cikin abin da muka zana. Na danna nan, na danna can, gilashi baƙi ƙirin.

Alhaji ya ce, "Malam, anya yaron nan ya taɓa ganin ta a kunne?"

Aikin da ban samu ba ke nan. A mota Baba ya ce ni na kunyata shi. Ni! Wancan mutumin mai leshi kuwa, har Baba ya rasu hannu biyu yake ba shi in sun haɗu, wai malami ne. Tun ranar ban ƙara kusantar kwamfuta ba. Acaɓa nake tsakanin Chinade da Azare, bayana ya gama lalacewa.

Yanzu zamani ya juya, yara na latsa waya tun ba su iya tsarki ba, amma masu sayar da takardar shaida ba su ƙare ba. Bara 'yata ta samu gurbin karatun kwamfuta. Na bi ta har makarantar, na ce ba na tafiya sai an zaunar da ita gaban na'ura. Tana jan rigata tana, "Baba, don Allah, ana kallonmu." Na ce su kalla.

Aka zaunar da ita. Ta sunkuya ta danna wani ɗan maɓalli a jikin akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Ashe nan ne.